'Yar Mai Faci

Shekara uku Auta tana jiran wannan rana. Yau ne yayar Dogo za ta zo gidansu ta gan ta, ƙarfe huɗu na yamma. Yayar nan ita ce uwa ita ce uba a wurin Dogo tun rasuwar iyayensu, kuma duk wanda ya san su ya san in ta ce a'a, to maganar aure ta mutu ke nan.

Tun da safe Inna take sharar ɗaki tana mita.

"Shekara uku ana abu ɗaya kamar cin ƙwan makauniya! Ga Mai Kemis nan, mutum da sana'arsa da mutuncinsa, takalminsa ya ƙare a ƙofar gidan nan. Ke kuwa kin nace sai ɗan alƙali. To ga ranar ta zo, mu gani a ƙasa."

Auta ta ci gaba da shirinta. Ta ɗauki hutun yini ɗaya daga ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki, ta goge kayan da za ta sa ta shimfiɗa a kan gado. Da ta ga mitar Inna ba mai ƙarewa ba ce, sai ta yafa tsohon mayafin Innar a kan zanen aikin gida, ta ɗauki kwanon abincin Baba ta ce ita za ta kai masa yau.

Rumfar Baba tana bakin titi, gaba kaɗan da gidan mai. Fallen kwano huɗu ne a kan sanduna, sai tsofaffin tayoyi jibge a gefe, da bahon ruwa baƙi ƙirin, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da benci da aka tallafe ƙafarsa ɗaya da bulo. Shekara talatin yana faci a nan. Da facin nan ya ciyar da gida, da shi ya kai Auta har ta gama karatu.

A rumfar nan ma ta fara ganin Dogo, ranar da tayar babur ɗinsa ta sace a hanyarsa ta zuwa makarantar da yake koyarwa. Tun daga lokacin da ya fara neman ta, Baba bai ƙara karɓar ko sisinsa ba. "Ɗana" yake ce masa. Shi kuwa Dogo har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi.

Baba ya wanke hannu ya buɗe kwano, sannan ya ɗago.

"Kin tabbata ba sai na rufe na zo ba? Baƙuwa irin wannan a ce maigida bai leƙo ba?"

"Ya ce zuwan mata ne, Baba. Na maza yana nan tafe."

"To shi ke nan. Shi ya san mutanensa."

Ko loma biyar bai yi ba Auta ta hango wani dogon mutum yana turo babur a gefen titi, wata mace a bayansa ta kare kanta daga rana da jakar hannu. Ko a cikin mutum dubu ta san wannan tafiyar. Ta duba wayarta, ƙarfe biyu ma bai ƙarasa ba.

Da suka matso ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yaya, mu ƙarasa gaba kaɗan, akwai wani can da ya fi iya aiki."

"Ga mai faci a gabanka kana ce min gaba? Da wannan takalmin? Ka san da motata ba ta gareji da ko giyar wake na sha ba zan hau abin nan ba. Shiga nan, malam!"

Ya shigo rumfar kansa a ƙasa. Baba ya ture kwano ya miƙe da fara'arsa.

"A'a, ɗa..."

"Mai faci," Dogo ya katse shi da sauri, "tayar baya ce ta sace. A taimaka a yi sauri."

Auta ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ga fara'ar Baba ta tsaya cak a fuskarsa. Ya dubi matar, ya dubi zoben zinaren da ke hannunta, ya dubi Dogo da ke kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Tsoho ba ya buƙatar a yi masa bayani.

"To, ranka ya daɗe," ya ce. "Kawo shi nan."

Sai a lokacin Dogo ya lura da wadda ke zaune a kan tsohuwar taya. Idonsu ya haɗu. Ta jira ya ce wani abu, ko da sannu ce. Ya kawar da kai ya shiga latsa waya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba don kunyar baƙuwa ba, don kada a ga ɓacin ranta.

"Ke yarinya, ɗan goge min bencin nan," in ji Yaya.

Auta ta tashi ta goge da gefen mayafinta. Yaya ta zauna a ɗofane, ta fiddo ƙyalle tana fifita.

Baba ya ɗaga babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ya kwance bawul, ya sa ƙarafa biyu ya ɓamɓaro gefen tayar, ya zaro tiyub. Ya ba shi iska ya tsoma a baho yana juyawa a hankali har kumfa ta fara tasowa ɓul-ɓul daga wuri ɗaya. Ya soka tsinken ashana a wurin ya yi alama. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Auta rai.

Yaya irin mutanen nan ce da ba su iya shiru ba.

"'Yarka ce wannan?"

"Tawa ce, Hajiya."

"Ka sa ta a makaranta kuwa? Ku masu sana'ar hannu ba ku damu da karatun 'ya'ya ba, sai a bar yarinya tana zaman bakin titi."

"Ana dai taɓawa, Hajiya."

"Gara dai. Mu ma wurin ganin yarinya za mu. Ƙarfe huɗu aka ce mu je, ni kuwa na ce biyu za mu isa. In kana son sanin gida, ka je kafin lokacin da aka sa maka." Ta yi dariya. "Kai da kake harkar taya ma ƙila ka san ubanta. Babban dillalin taya ne, shago biyu gare shi, har waje yake sarowa. Ko ba haka ka ce ba, Dogo?"

"Haka ne," Dogo ya ce, muryarsa da kyar take fita.

Sai yanzu Auta ta gane. Ashe wannan ne zuwan mata. Ashe shi ya sa aka ce Baba ya yi zamansa a wurin aiki.

"Mu ƙanana ina muka san manya, Hajiya," in ji Baba, yana kankare tiyub da sanfefa.

"An ce gidan yana bayan tankin ruwa, mai koriyar ƙofa. Wai tsohon gida ne, mutumin ba ya son nuna arziki."

Baba ya shafa gam, ya ɗaga tiyub ɗin yana jira ya sha iska.

"Na san gidan," ya ce. "Mutanen ba su da laifi. Yarinyar kuwa, in dai ita ce, ba a taɓa jin abin assha a kanta ba. Duk wanda ya same ta ya dace."

Auta ta cije mayafi don kada kukan ya fito. Ubanta ne yake yi mata shaida kamar wani baƙo, a rumfarsa, a gaban mutumin da ya ci abinci a kwanonsa.

Ya manna facin ya danne shi da gindin sifana. Saura abu ɗaya. Dokar Baba ce, kuma duk mai babur a titin nan ya santa: ba ya mayar da tiyub sai ya zura yatsu ya laluba cikin tayar zagaye ɗaya, a hankali, har ya taɓo abin da ya yi hujin ya cire. Ko ana ruwan sama, ko mai babur yana zage-zage, sai ya yi. Ya naɗe hannun riga ya sunkuya.

Daidai lokacin Yaya ta juyo ta ƙura wa Auta ido.

"Ke kuwa me ya sa kike rufe fuska? Buɗe in gan ki. Ina neman yarinya mai tsabta da za ta riƙa taya ni aikin gida."

Dogo ya zabura.

"Mai faci, mayar kawai, mun makara!"

"Ban laluba cikin tayar ba, ranka ya daɗe."

"Na ce ka mayar! Kai ka cika nawa. Dole sai an yi ta jiranka?"

Baba ya tsaya da hannunsa a bakin tayar. Ya ɗago ya dubi Dogo, kallo ɗaya tak. Sannan ya janye hannun, ya cusa tiyub, ya mayar da taya, ya buga iska. A shekara talatin, yau ce rana ta farko da ya karya dokarsa.

Yaya ta buɗe jaka ta miƙo kuɗi da 'yan yatsu biyu, don kada hannunsu ya haɗu. Baba ya sa hannu biyu ya karɓa ya yi godiya. Suka hau suka tafi, Dogo bai ko waiwayo ba.

Ƙarar babur na ɓacewa Auta ta zube a gaban Baba ta fashe da kuka.

"Baba, don me ka yi shiru? Don me ka biye masa?"

"Tashi, mutane na wucewa."

"Mai faci fa ya ce maka! Mutumin da kake kira ɗanka!"

"To ƙarya ya yi? Ai mai facin ne." Ya rufe kwanon da bai ci rabinsa ba. "Saurara, Auta. Ki bi ta lungun masu walda yanzu, ki shiga ta ƙofar baya ki yi wanka ki sa kayanki. Matar nan ba ta ga fuskarki ba. Ki ja Innarki gefe ki gaya mata ta kama bakinta. Ni kuma ba zan dawo ba sai sun tafi."

"Sannan fa? Ranar da maza za su zo fa? Ranar auren fa, ina za mu ɓoye ka?"

"Kafin nan Allah zai kawo dabara. Ni na riga na ci zamanina. Shekara uku kina son yaron nan, ba zan zama sanadin da za ki rasa shi ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma na ga matar, da abin tsoro."

"Wallahi da ka zage shi da na fi jin sanyi."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki buta ya ce zai je ya yi salla a bayan gidan mai, kada ya dawo ya same ta a nan. Ta bi bayansa da kallo, sai ta ga ya sa hannun riga ya goge ido kafin ya tsallaka titi. Tunda take, ba ta taɓa ganin haka ba.

Ba ta tafi ba. Ta koma kan tayar ta zauna tana kallon hanya, don ta san abin da zai faru. Ita ma 'yar rumfar nan ce.

Ko minti goma sha biyar ba a yi ba sai ga shi yana turo babur, shi kaɗai, gumi ya jiƙa masa riga. Tayar baya ta kwanta shame-shame.

"Ina Baba?" ya tambaya.

"Wane Baba? Nan mai faci kawai muke da shi, shi ma ya tafi salla."

"Auta, don Allah."

"Ina yayar taka?"

"Ta yi fushi ta hau tasi. Ta ce za ta nemi gidan da kanta, in same ta can." Ya jingina babur. "Ki tsaya ki saurare ni, zan yi miki bayani."

Ta miƙe, ta ɗaure mayafin a ƙugu, ta ɗauko ƙarafan Baba.

"Me za ki yi?"

"Abin da ka hana shi ƙarasawa. Ɗaga min shi."

Ya ɗaga babur ɗin yana kallonta baki sake. Bai taɓa sanin ta iya ba. Tun tana 'yar shekara goma take taya Baba a lokacin hutu, sai da ta shiga babbar makaranta ya hana ta, wai hannun mai karatu ba na baƙin mai ba ne. Ta ɓamɓaro tayar a bugu uku ta zaro tiyub.

"Yi bayanin, ina jin ka."

Ya tsuguna kusa da ita.

"Ba ki san Yaya ba. Ita ta riƙe ni tun ina ɗan shekara tara, ita ta biya min makaranta. Kullum maganarta ɗaya ce, mu 'ya'yan alƙali ne, kada in jawo mata abin da dangin mijinta za su yi mata dariya. Ranar da na fara yi mata maganarki ta ce, me ubanta yake yi? Na ce harkar taya. Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Ita ta ce dillali ne? Sai na ji bakina ya ce e."

"Shago biyun fa? Su ma bakinka ne ya haife su?"

"Kullum sai ta ƙara tambaya, ni kuma sai in ƙara. Na rasa inda zan tsaya."

"Shekara nawa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara nawa kana ƙarawa, Dogo?"

"Biyu da rabi."

Ta tsoma tiyub a baho. Kumfa ta taso daf da facin Baba, sabon huji ɗan ƙarami. Hawayenta suna ɗiga a cikin baƙin ruwan.

"Shekara biyu da rabi kana zuwa nan ka durƙusa, ya tsame hannu daga kwano ya tura maka, ka ci ka koma gida ka ce shago biyu gare shi."

"Ina da shiri, Auta! Ina tara kuɗi. Na yi niyyar kafin biki in kama wa Baba ɗan shago a kasuwa, a zuba tayoyi sababbi, ya daina zaman rana. Kin ga maganar ta zama gaskiya, shi ma ya huta."

Ta ɗago ta dube shi sosai.

"Wato sai an gyara min uba kafin ya cancanci a nuna shi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ka taɓa tambayarsa yana son shago? Ka taɓa tambayata? Hannun nan da yayarka take ƙyamar taɓawa, shi ya saya min littattafai. Rigar asibitin da kake cewa tana yi min kyau, facin taya ne ya ɗinka ta."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka daka masa tsawa ba. Ko 'yan acaɓan da ke shaye-shaye ba sa ɗaga masa murya a titin nan."

Ta kankare, ta shafa gam, ta ajiye. Sannan ta zura hannu cikin tayar tana lalubawa a hankali, idonta a rufe kamar yadda Baba yake yi. Can wajen rabi ta ji abu ya soke ta. Ta ja tsaki, ta ɗauko filaya ta fizgo shi. Guntun ƙusa ne da kansa ya karye, shi ya sa ba a ganinsa ta waje. Ta jefa shi cikin gwangwanin da Baba yake tara su, ta tsotse jinin da ke yatsanta.

Dogo ya kai hannu zai kama yatsan, ta janye.

"Kuskure na yi," ya ce, idonsa ya ciko. "Amma don ina son ki na yi. Da na faɗi gaskiya tun farko, da tuni an raba mu. Kina ganin daɗi nake ji? Kin san sau nawa na kwana ban yi barci ba?"

"Ni kuma ka san sau nawa Inna ta ce in rabu da kai na ce a'a? Ka san gorin da na sha?"

"Na san dai Mai Kemis take so miki. Ƙila ma yanzu kin samu hujja."

Auta ta saki wata dariya mai ɗaci.

"Kai dai ba ka da kunya. Mai Kemis ranar da kawunsa ya zo daga nesa, nan ya kawo shi, kan bencin nan, ya ce ga mahaifin yarinyar da nake so. Kuma duk da haka na ce ba na son sa. Masifar ke nan, Dogo. Da ina son sa da tuni na huta. Kai nake so, har yanzu da nake maganar nan kai nake so, kuma ji nake kamar in cire zuciyar in jefar."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta manna facin tana kuka, ta danne tana kuka, ta mayar da tiyub ta buga iska. Ta tofa yawu a bakin bawul ta duba, bai yi kumfa ba.

Wayarta ta yi ƙara. Inna ce, tana magana cikin raɗa.

"Ke ina kika shige? Baƙuwa ta zo tun ɗazu, ko kwalliya ban yi ba! Tana ta tambayata wai yaya kasuwa, wai kaya sun iso? Wane kaya? Ni dai na ce mata da godiya. Ki zo ki fitar da ni!"

"Ga ni nan, Inna."

Tana kashe wayar Baba ya dawo da butarsa. Dogo ya yi maza ya durƙusa har gwiwarsa na taɓa ƙasa.

"Baba, ka yafe min. Sharrin shaiɗan ne."

"Tashi, wandonka zai ɓaci," in ji Baba. Ya dubi tayar, ya matsa ta da babban yatsa, ya dubi hannun 'yarsa baƙi har gwiwar hannu. Ya girgiza kai. Ya ɗauko kwalbar kananzir da guntun sabulu ya miƙa mata. "Ba na ce ki tafi ba? Wanke maza ki bi ta baya. Har yanzu da sauran lokaci."

"Ba zan wanke ba, Baba."

"Auta, ina magana kina magana?"

"Ban taɓa saɓa maka ba, amma yau ka yi haƙuri." Ta juya wurin Dogo. "Ta ƙofar gaba zan shiga, a haka. In har da gaske kake, ka shigo tare da ni, ka dubi yayarka ka ce wannan ita ce, kuma mai facin nan ubanta ne. Da bakinka. In ta ce a'a, mun san a kan gaskiya aka raba mu."

"Zan faɗa," ya ce da sauri. "Wallahi zan faɗa. Hau mu tafi."

Ba ta hau ba. Ta kama hanya da ƙafa, shi kuma yana binta a hankali a kan babur. Suka wuce masu walda, suka wuce mai sayar da katako. Duk wanda ya san ta sai ya bi hannunta da kallo, ita kuwa ko a jikinta. Da tankin ruwa ya bayyana, sai muryarsa ta fara sauyawa.

"Auta, ba na ce ba zan faɗa ba. Amma ba yau ba. Yaya tana da hawan jini, kuma ranta a ɓace yake saboda tayar nan. Ki bar ni in same ta a gida, in lallaɓa ta."

Ba ta waiwayo ba.

"To ko hannun kawai ki wanke. Ki canza mayafin. Minti biyar, me zai rage ki da shi?"

Ta tsaya a bakin koriyar ƙofar. Takalmin Yaya mai tsini yana ajiye a gefen na Inna.

"Kashe babur ɗin ka sauko," ta ce.

Ya kashe. Ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Ɗaya ƙafar ta ƙi saukowa.

"Shiga, ina bayanki," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tura ƙofar ta yi sallama.

Yaya tana zaune a kan kujerar da ta fi kyau a ɗakin, da kofin ruwan da ba ta taɓa ba a gabanta. Ta dubi zanen, ta dubi mayafin da aka goge mata benci da shi, ta dubi hannun. Ta yamutsa fuska.

"A'a, 'yar mai faci? Mun manta wani abu ne a wurinku?"

Inna ta dubi baƙuwar, ta dubi 'yarta, ta rasa gane kan zancen.

"Ai ita ce Autar tawa, Hajiya. Ita kika zo gani."

Auta ba ta sunkuyar da kai ba, ta dai juya tana kallon ƙofar da ta bari a buɗe saboda shi. Ta ƙirga numfashinta, ɗaya, biyu, uku.

Sai ta ji babur ya tashi a waje. Ta kasa kunne tana jin ƙararsa yana nisa, yana tafiya sumul ba tangarɗa, a kan tayar da ta gyara masa da hannunta.